Goggo a Ƙarshen Layi

Duk wanda ya shiga ƙaramin gidan rediyon nan mai zaman kansa a Daura zai ga takalma jere a bakin wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen baranda, har ya ɗauka masallaci ne. Ba masallaci ba ne, ɗakin Sabiru Nagoggo ne, mai kula da na'urorin gidan. Ko manaja ne da kansa sai ya tuɓe kafin ya taka ciki, domin Sabiru ya ce yashin takalmi ne ke kashe kwamfuta. Mutum ne siriri mai sanyin magana, ba ya faɗa da kowa, amma in ya kafe kan abu, to ka haƙura kawai. Abokan aikinsa suna yi masa dariya a bayan ido, suna kuma son sa ƙwarai.

A wani ƙauye kusa da Sandamu aka haife shi. Ɗan fari ne, don haka ana yaye shi aka miƙa shi ga yayar babansa, Ikilima, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Duk inda ta sa ƙafa yana riƙe da gefen zanenta, rijiya, gona, gidan suna, har mutanen ƙauyen suka manta da sunan ubansa suka koma ce masa Nagoggo. Goggo Ikilima kuwa ba ta da komai na a zo a gani sai murya. In ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta ɗora waƙa, sai ka ga matan maƙwabta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wannan aron rariya, waccan ɗiban wuta, alhali duk ƙarya ce, saurare suka zo. Wasu waƙoƙin ta gada wurin kakarta, wasu ita ta shirya abinta. Da su take zagin malalacin miji, da su take yabon damina, da su take lallashin Sabiru in zazzaɓi ya kama shi.

Shi kuma tun yana ƙarami ba ya ganin abu mai murfi ya ƙyale. Ya kwance rediyon kawunsa don ya ga mutanen da ke magana a ciki, ya sha dukan da har yau in ya tuna sai ya shafa bayansa. Goggo ce ta kama hannunsa ta kai shi Daura wurin wani mai gyaran rediyo, ta ce tunda ɓarna yake so a koya masa yadda ake mayarwa. Daga nan ya yi sakandare, ya je kwalejin fasaha ya karanto kwamfuta, ya dawo daidai lokacin da ake buɗe gidan rediyon. Aka ɗauke shi, ya yi aure, ya zauna.

A shekarun farko na tashar ne ya ɗaure na'urar ɗaukar murya a bayan babur ya nufi ƙauye. Lokacin injin niƙa ya riga ya shigo, dutsen Goggo ya koma abin ɗora tulu. Ta ce ita ba ta waƙa da hannu sake, sai da aka wanke dutsen aka kawo gero na gaske, sannan ta durƙusa ta yi ta yi har rana ta karkata. Aka sa waƙoƙin a shirin mata, mutane suka yi ta bugo waya har daga Zango da Mashi. To, yanzu shekaru sun ja. Haƙoran Goggo sun zube, numfashinta ya gajarce, waƙoƙin kuma sun zame mata ɗaya bayan ɗaya, sai ta fara baiti ta tsaya tana kallon bango. Abin da ya rage na muryar nan a duniya yana cikin ɗakin Sabiru. Duk zuwan da zai yi gaishe ta, kafin ya gama zama sai ta tambaya.

"Muryata tana nan?"

"Tana nan, Goggo. A ɗaki mai sanyi ma take kwana, ta fi ki jin daɗi."

"Ja'iri," in ji ta, tana murmushi.

Inda muryar take kwana shi ne cikin wata babbar kwamfuta da ke riƙe da duk shirye-shiryen gidan, wadda Sabiru ke kira Tsohuwa. Fayafan ajiya suna ɗaure a cikin cikinta, kowanne da kayansa, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Ya yi ta roƙon a sayo wurin ajiya na biyu, ana ce masa sai baɗi. Abin da ya iya yi shi ne ya hana Tsohuwa mutuwa ko da na ƙiftawar ido. Ya haɗa mata batura, ya ƙulla amana da Mati mai janareto, shekara da shekaru tana kunne. Ya san halin tsohon faifai. Muddin yana juyawa lafiya lau, amma in ya tsaya ya huce, kamar dattijon da ya tsuguna ne, ba lalle ya iya miƙewa ba.

Za ka ce to me ya hana shi kwafe waƙoƙin Goggo a wayarsa tun tuni? Ai matarsa Zubaida ta yi wannan tambayar har bakinta ya gaji. Wata shekara wani ma'aikaci ya soka filashinsa a jikin Tsohuwa ya zuba mata cutar kwamfuta, da kyar Sabiru ya ceto ta. Tun ranar ya kafa doka, ba filashi, ba waya, ba wanda zai fita da kayan tashar zuwa gida. Ya hana manaja, ya hana wani babban baƙo da ya zo neman tafsirin mahaifinsa, sai dai ya zauna ya saurara a nan. In Zubaida ta matsa sai ya ce, "Ni na kafa dokar, ni kuma zan fara taka ta?" Kai, taurin kan mutumin nan sai shi!

Ana nan sai baɗin ya zo da gaske. Masu tashar suka sayo sabon tsarin ajiya, aka turo wata injiniya daga Kano mai suna Haulatu ta zo ta kafa shi. Wani dogon kabad ne na ƙarfe cike da fayafai, da wayoyinsa na musamman da ke haɗa shi da kowace kwamfuta a gidan. Ba sauran ɗaure kaya a cikin na'ura guda. Kowa zai miƙa hannu ya ɗebo daga wuri ɗaya, kuma in faifai ɗaya ya mutu 'yan'uwansa sun riga sun riƙe abin da ke kansa. Sabiru ya zagaya kabad ɗin yana shafa shi, ya ce ai wannan rumbu ne. Sunan ya bi shi.

Saura a kwashe kayan Tsohuwa a zuba a rumbu. Hanya mai sauri ita ce a buɗe ta a sa mata wani kati da zai haɗa ta da rumbun kai tsaye, amma sai an kashe ta. Haulatu ta kara kunnenta a jikin Tsohuwa ta saurara, ta ɗago ta dubi Sabiru.

"Malam Sabiru, ba za mu kashe ta ba. Akwai faifan da ke nishi a ciki."

"Na can ƙasa ne, Injiniya. Shi ne babbansu, da shi aka buɗe gidan nan."

"To mu bi ta wayar da take kai yanzu, a hankali. Ka fara da shi, kada ka matsa masa. Zai ɗauki kwanaki, amma ya fi asara."

Ta gama nata aikin ta koma Kano, ta bar masa lambarta.

Wannan faifan na ƙasa shi ke riƙe da shekarun farko gaba ɗaya, har da Goggo. Sabiru ya zauna ya buɗe shi yana duba abin da zai fara haurarwa, kuma a nan ne halinsa ya fito. Da wani ne, sai ya zaɓe su duka ya danna, na'ura ta bi yadda ta ga dama. Shi kuwa sai ya jera su kamar yadda ake fitar da abinci a gidan biki. Tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, su ne gaba. Sai hirarrakin da aka yi da dattawan gari waɗanda yawancinsu yanzu babu su. Sai shirin manoma, sai na makiyaya, sai wasannin yara. Waƙoƙin Goggo ya sa su can ƙarshe, tare da tsofaffin tallace-tallacen sabulu da maganin sauro. Mai rabo ba ya fara zuba wa gidansu, haka ya tashi ya gani, kuma bai ma tsaya ya yi shawara da zuciyarsa ba.

Aiki ya kama tafiya kamar jan ƙafa. Faifan ya karanta kaɗan, ya yi nishi, ya ci gaba. Sabiru kuma bai yarda da rahoton na'ura ba. In ta ce ta gama kwafe wani shiri, sai ya sa abin saurare a kunne ya buɗe shi daga cikin rumbu, ya ji farkonsa, ya ji tsakiya, ya ji ƙarshe, sannan ya ce alhamdu lillahi. Ma'aikata su leƙo su tarar da shi ya lumshe ido yana sauraren farashin awaki na shekarun da suka wuce, su fita suna ƙunshe dariya.

Ran Juma'a da safe suna karin kumallo, Zubaida ta ajiye masa kofin kunu ta tsaya a kansa.

"Abban Hadiyya, an kai ga Goggo?"

"Saura kaɗan. Ana kan makiyaya."

"Makiyaya! Don Allah waƙoƙin nan nawa suke? Kafin ka shanye kunun nan an gama kwafe su. Ka tsallaka da ita mana, sannan ka koma kan layinka."

"Ba a yi haka ba."

"Wa zai gan ka? Kai kaɗai ne a ɗakin."

"Ni zan ga kaina," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Ta bi bayansa da kallo, haushi da tausayi duk sun cika ta. Ta san wanda ta aura.

Al'adar tashar ce ran Juma'a a rufe shiri da an yi kiran farko, kowa ya tafi masallaci. Mati ya kashe janareto ya kulle ɗakinsa ya sa makulli a aljihu, ya ce shi ma injin a bar shi ya huta. In akwai wutar gari shi ke nan, in an ɗauke batura su riƙe Tsohuwa har a sauko. Haka ake yi tun da aka buɗe gidan, ba a taɓa samun matsala ba. Ranar akwai wuta tun safe. Sabiru ya leƙa ya ga aiki na tafiya, ya ja ƙofa, ya hau babur ya biya ya ɗauki surukinsa, Alhaji Ɗantsoho, kamar yadda ya saba. Alhaji mutum ne mai son sahun gaba, ya kama hannun Sabiru ya ja shi har kusa da mumbari ya zaunar da shi a gefensa.

Liman ya hau ya fara huɗuba. Bai yi nisa ba lasifika ta ɗauke, fankoki suka tsaya. An ɗauke wuta. Can aka ji janareton masallaci ya yi tari ya tashi, murya ta dawo, jama'a suka gyara zama. Sabiru ma ya gyara zama, ya ce a ransa ai akwai batura. Sai kuma ya tuna. Baturan nan Tsohuwa kaɗai aka auna musu. Yanzu ga rumbu a kansu, kabad guda cike da fayafai masu cin wuta, kuma shi da hannunsa ya jona shi a layi ɗaya da ita. Ba za su kai a sauko ba.

Inna lillahi! Ya ɗaga kai ya hango hular Mati a sahu na bayansa kaɗan, ga makullin janareto a aljihun mutumin, amma liman na kan mumbari, ba a magana, ba a ko nuni. Ya waiga ya ga masallaci ya cika maƙil har waje. In zai fita sai ya tsallake wuyan dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya, a gaban surukinsa, ana tsakiyar huɗuba. Ya yunƙura, Alhaji Ɗantsoho ya ɗan juyo ya dube shi, sai ya koma ya zauna. Bai ji ko kalma ɗaya daga sauran huɗubar ba, addu'a kawai yake yi Allah ya sa baturan su yi abin da ba su taɓa yi ba.

Ana sallamewa ya sunkuya ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, wani zai kai ka gida." Tun da ya auri Zubaida bai taɓa yi wa Alhaji magana mai tsawon wannan ba tare da an tambaye shi ba. Ya fizgo Mati daga cikin jama'a, suka hau babur.

Tun daga baranda ya san an gama. Ɗakin da shekara da shekaru ba a taɓa rasa ƙugi a cikinsa ba ya yi tsit. Ranar ce kaɗai aka ga Sabiru Nagoggo ya shiga ɗakin nan da takalmi. Mati ya ruga ya tayar da janareto ya dawo ya tsaya bakin ƙofa yana salati, yana cewa shi ya jawo.

"Ba kai ba ne, Mati. Abin da ka saba ka yi. Ni ne ban sake lissafi ba."

Ya yi bismilla ya danna. Rumbu ya tashi lafiya. Tsohuwa ta yi ƙugi, fitilun fayafanta suka kama ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan na ƙasa. Ya yi ƙas, ya yi ƙas, ya yi shiru. Sabiru ya kira Haulatu, ta gaya masa abin da zai gwada, ya gwada. Ta ce kada ya ƙara taɓa shi, ya naɗe shi ya aiko mata. Ta kai shi wurin masu buɗe fayafai, bayan 'yan makonni ta bugo da kanta ta ce allurar da ke karanta faifan ta karce fuskarsa, babu abin da za a ciro. Ta ba shi haƙuri kamar wadda ta zo ta'aziyya.

Da aka duba rumbu, sai ga malamai duk sun haure, dattawa sun haure, manoma da makiyaya sun haure, wasannin yara ma saura kaɗan. Manaja ya tara ma'aikata ya yaba wa Sabiru, ya ce asarar ba ta taka kara ta karya ba, tallan sabulu ne da wasu 'yan waƙoƙin mata. Aka tafa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce an gode. A gida Zubaida ba ta ce masa ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya daina cin abinci sosai, ya yi ta ɗage zuwa ƙauye, har dai ita ta ɗaure masa ƙullin goro da sabulu a bayan babur ta ce ya tafi.

Ya isa da hantsi. Goggo na zaune kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, 'yar ƙwarya a gefenta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi Zubaida da Hadiyya, ta sa aka kawo masa fura. Bai bari ta kai ga tambayarta ba.

"Goggo, na zo da magana mara daɗi. Muryarki ta ɓata a hannuna."

Ta tsura masa ido. Ya ba ta labari yadda za ta gane, cewa an yi sabon rumbu ana kwashe kaya daga tsohon, wuta ta ɗauke kafin a gama, abin da ya rage a tsohon ya lalace.

"Da aka fara kwasar, wa ka fara ɗauka?"

"Malamai, Goggo."

"Sai wa?"

"Sai dattawan da suka rasu. Sai manoma, sai masu shanu, sai yara."

"Ni fa?"

"Ke ce ta ƙarshe." Hawaye suka zubo masa. "Da na so da na sa ki gaba, ba wanda zai sani. Zubaida ma ta ce in yi. Ban yi ba."

"To da ka yi mene? Ka tsallake malamai ka ɗauki goggonka?" Ta ja tsaki. "Da ka yi haka da na ce ba ni na raine ka ba. Share fuskarka, ƙaton banza, kana kuka gaban mata. Sha furarka."

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki ludayi. Ta juya tana korar wata kaza da ke son shiga ɗaki, ta yi mata faɗa sosai, fiye da laifin kazar. Sannan ta zauna tana murza gefen tabarma da yatsa. Can ta matso kusa da shi, ta rage murya don kada matan gidan su ji.

"Sabiru. Ko guda ɗaya ba ta tsira ba?"

"Ko guda, Goggo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙa hannu ta ƙara tura masa ƙwaryar gabansa.